Amsa ga ɗan'uwan da ke son sayen na'urar haƙar Bitcoin a Jidda

Wa alaikumus salam, Malam. Na karanta tambayarka. Ka ce kana aiki a Jidda, ka tara riyal 8,000, ka ga an sa na'urar haƙar Bitcoin ta hannu ta biyu, Antminer S19 Pro, a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, kana son ka saya ka ajiye a ɗakinka. Ka kuma tambayi wace walat, wato ma'ajiyar kuɗin intanet, za ka buɗe, da ko za ka riƙa aika kuɗi gida ta USDT, kuɗin intanet da aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka. Zan fara da na'urar, don nan ne kuɗinka zai fi saurin tafiya.

S19 Pro tana da ƙarfin TH 110 (TH shi ne ma'aunin saurin haƙa), tana cin wuta wat 3,250, kuma ba a kashe ta dare da rana. A yini kilowat-awa 78 ke nan, a wata 2,340. Kuɗin wutar gida a Saudiyya halala 18 ne (halala 100 ce riyal ɗaya) kowane kilowat-awa har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura haka kuma halala 30. A farashin ƙasa, faturar na'urar, wato kuɗin wutarta, ita kaɗai riyal 421, ka ɗora harajin kashi 15 ta zama riyal 484. Idan addadin gidanku, wato mitar wuta, na tarayya ne, da zafi ya shigo mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) uku ko huɗu suna aiki, kuka haura 6,000, wutar na'urar ta koma riyal 807 a wata. Kafin ma a je can, tambayi kanka da sunan wa addadin yake. In na mai gida ne ko na kafili, faturar wata guda ta isa a kira ka.

To me take shigowa da shi? Tun da aka rage ladan haƙa da rabi a Afrilun 2024, ladan kowane bulo (rukunin ciniki da masu haƙa ke tabbatarwa) Bitcoin 3.125 ne, ana samun bulo kusan 144 a yini, wato Bitcoin 450 ake rabawa masu haƙa na duniya gaba ɗaya. Kasonka gwargwadon ƙarfin na'urarka ne a cikin ƙarfin kowa. Mu ɗauka ƙarfin duniya TH miliyan 800 ne (ka duba adadin ranar da kake lissafi, kullum yana motsi, kuma galibi sama yake yi). Kasonka zai zama kusan 0.00186 na Bitcoin a wata. In Bitcoin na dala 100,000, dala 186 ke nan, a canjin riyal 3.75 kusan riyal 696. In ya sauko dala 70,000, riyal 487, daidai kuɗin wuta, ba ka ci komai ba. Kuma ba a cire kason tafkin haƙar da ka shiga ba, wato ƙungiyar masu haƙa da ke haɗa ƙarfi su raba lada, wanda yakan kai kashi 1 zuwa 4.

Ga abin da masu talla ba sa faɗa. Duk wat 3,250 ɗin nan zafi yake zama a cikin ɗaki, kusan BTU 11,000 a awa, fiye da rabin abin da mukayyif na taga mai 18,000 ke iya fitarwa. An ƙera na'urar ta yi aiki a iskar da ba ta wuce digiri 40 ba, kai kuwa ka san Jidda a watan Yuli, ga danshin teku da gishirinsa da ke cin allunan ciki. Dole ka ba ta sanyi, sanyin nan kuma aƙalla kilowat 1 ne dare da rana, ƙarin riyal 150 a wata. Riyal 484 da 150 sun zama 634. A ranar da kasuwa ta yi kyau ribarka kusan riyal 50 ce a wata, bayan an cire kason tafki. Ka raba kuɗin da za ka saye ta da 50, ka ga shekara nawa kafin jarinka ya dawo, sannan ka tuna ana sa ran a sake rage ladan da rabi a 2028.

Sai ƙara. Fankokinta huɗu suna kai desibel 75, ba a barci kusa da ita, maƙwabcin bango ma zai buga maka ƙofa. Sai wayarin: tana jan kusan amfiya 15 ba hutawa, soket ɗin gida kuwa na amfiya 13 ne. Wanda ya haɗa igiyoyinta biyu a tausila ɗaya, wato igiyar ƙarin soket, robar za ta yi laushi, ta fara wari, daga nan sai gobara. Tana bukatar layinta daban da burekarta ta amfiya 20 da waya mai kauri irin ta mukayyif. In kuma tsohon gini ne mai layin bolt 127, ba za ta tashi ba sam, sai 200 zuwa 240. Masu cin riba a wannan sana'a kamfanoni ne masu dubban na'urori da wuta mai araha, suna aiki da sababbi irin S21 mai TH 200 a wat 3,500. Su ne suke zubar da tsofaffin, shi ya sa ka gan ta da araha. Kada ka saya.

Kada kuma wani ya ce ka haɗa kwamfuta mai katin hoto. Ethereum, wadda ake haƙa da irin wannan kwamfutar, ta daina haƙa tun Satumbar 2022. Abin da samarinmu ke kira mainin a waya, irin Pi da Hamster Kombat, ba haƙa ba ce, wayar ba ta lissafin komai, maki ne kamfani ke rubuta maka, ya ba ka abin da ya ga dama ranar rabo. In kyauta ne, lokacinka kawai ya tafi. Amma da zarar an ce ka biya kuɗin buɗe asusu, ko ka yi hayar na'ura a wata ƙasa a riƙa ba ka kashi 2 kullum, ko ka kawo mutum uku a ƙara maka matsayi, ka kama gabanka. An ga MMM a 2016, an ga CBEX a Afrilun 2025, salon bai canza ba: kuɗin na baya ake biyan na gaba, ranar da shigowa ta ragu sai cirewa ta tsaya.

Kafin maganar walat, ka san inda kake tsaye. A Agustan 2018 wani kwamitin gwamnati, wanda babban bankin Saudiyya da hukumar kasuwar hannun jari ke ciki, ya sanar cewa kuɗaɗen intanet, har da Bitcoin, ba kuɗi ne da aka amince da su a masarautar ba, kuma ba wanda aka ba lasisin hada-hadarsu. Ma'anarsa a aikace, in an cuce ka ba ka da ofishin da zai dawo maka da haƙƙinka, kuma kai mai iƙama ne, abin da ɗan ƙasa zai fita da gargaɗi kai yana iya taɓa zamanka. Ta fuskar addini malamai sun saɓa, hukumar fatawa ta Masar ta haramta, wasu sun halatta saye da riƙewa. Wannan ka kai wa malamin da ka yarda da shi. Cinikin bashi dai, wanda ake ninka maka jari sau 10 ko 20, ka bar shi ko don lissafi: a ninki 20, farashi ya motsa kashi 5 ta inda ba ka so, kuɗinka ya ƙare.

In duk da haka kana son ka koya, ka ware abin da ba zai hana ka barci ba in ya salwanta, riyal 200 ko 300 sun isa makaranta.

Wurin ajiya iri biyu ne. Akwai asusun kasuwar musaya, irin Binance ko Bybit ko OKX, inda kake yin rajista da fasfo ko iƙama. Kuɗin da ke nan kamar ajiya ce a wurin mai shago, sunanka na cikin littafi amma makulli na hannunsa. Mt. Gox ta rushe a 2014, FTX a Nuwamban 2022, an sace wa Bybit kusan dala biliyan 1.5 a Fabrairun 2025, ko da yake ita ta ci gaba da biyan mutane. Kasuwa wurin saye da sayarwa ce. Na biyu walat ɗin da makullinta ke hannunka, irin Trust Wallet ko MetaMask a waya, ko na'urar ajiya irin Ledger da Trezor idan kuɗin ya yi yawa. Ita na'urar daga kamfanin ake saye, a rufe. Wadda ta zo da kalmomin sirri a rubuce cikin kwali tarko ce.

Waɗannan kalmomi 12 ko 24 da walat ke ba ka ranar buɗewa su ne kuɗin. Wanda ya gan su zai kwashe komai daga ko'ina a duniya ba tare da ya taɓa wayarka ba, in kuma ka rasa su wayar ta lalace, ba mai dawo maka da su. Ka rubuta da biro a takarda, a jere da lambobinsu, kwafi biyu, wuri biyu. Kada ka ɗauki hoton allo, don hotunan waya suna hawa intanet da kansu. Kada ka tura wa kanka a WhatsApp ko imel. Kuma ka gwada tun walat ɗin babu kuɗi mai yawa: tura abin da bai wuce riyal 20 ba, goge manhajar, sake saukewa, shigar da kalmomin daga takarda. In kuɗin ya bayyana, rubutunka daidai ne. Da yawa sai ranar bukata suke gane kalma ɗaya ba ta karantuwa. Mu da ke zaman ƙasar wani akwai ƙari: tafiya na iya zuwa ba shiri, mutuwa ma haka. Mutum ɗaya amintacce cikin iyalinka ya san akwai takardar da inda take, ba sai ya san abin da ke ciki yanzu ba.

Wurin turawa ne sababbi suka fi asara. USDT ɗaya ce amma tana tafiya kan hanyoyi daban-daban. Adireshin Tron, wato TRC20, da harafin T yake farawa. Na Ethereum da na BNB, wato ERC20 da BEP20, duka da 0x suke farawa, kamarsu ɗaya, shi ya sa ake kuskure. Hanyar da mai karɓa ya zaɓa ita za ka zaɓa. Kuma galibi walat ba ta cire kuɗin turawa daga USDT, sai daga kuɗin hanyar: a Tron sai kana da ɗan TRX, a BEP20 sai ɗan BNB, in babu kuɗinka na nan kana kallo amma ba ya motsi. XRP da TON idan kasuwa za ka tura suna bukatar lambar memo bayan adireshi, in ka manta sai doguwar wasiƙa da jira. Kada ka kwafi adireshi daga tarihin cinikinka. Ɓarayi suna turo ɗan kuɗi kaɗan daga adireshin da farkonsa da ƙarshensa suka yi kama da naka, don ka kwafa cikin gaggawa. Bayan ka manna, duba haruffa shida na farko, shida na ƙarshe, da wasu a tsakiya. Fara da gwajin dala 5. Abin da ya tafi ba ya dawowa.

A asusun kasuwa ka kunna Google Authenticator maimakon saƙon waya, ka rubuta lambar maido da shi a takarda, don layin nan da iƙamarka yake ɗaure, ranar da ta ƙare ko ka yi fita ta ƙarshe layin na iya mutuwa da lambobinka. Kunna jerin adiresoshin da aka yarda a cire kuɗi zuwa gare su. Ba ma'aikacin kasuwa da zai fara yi maka magana a Telegram. Wanda ya kira ya ce ka karanto lambar da ta shigo, ko ka amince da wata bukata a Nafath, manhajar gwamnatin Saudiyya ta tantance mutum, da ba kai ka nema ba, ka kashe wayar. Haka shafin da ya ce ka haɗa walat ka karɓi kyauta: amincewar da kake dannawa izini ce ta kwashe USDT ɗinka ba iyaka. Mai son gwada irin waɗannan ya buɗe walat ta biyu wadda ba komai a ciki.

Sai batun aika kuɗi gida, wanda ina jin shi ne ainihin abin da ya kawo ka. Hanyar da mutane ke bi ita ce P2P: ka tura riyal ga wani ya sakar maka USDT, a Najeriya a sayar a karɓi naira. Binance ta rufe harkar naira tun Maris 2024, sai wasu kasuwannin, kuma hukumar SEC ta Najeriya ta ba Quidax da Busha amincewar farko a Agustan 2024. Haɗarin yana ɓangaren banki. Wanda kuke ciniki da shi ba ka san daga ina kuɗinsa ya fito ba. In na sata ne, wanda aka sata ya kai ƙara, ana bin sawun kuɗin ana rufe duk asusun da ya ratsa, kai da ba ka san hawa ba ba ka san sauka ba. Asusun da albashinka ke shiga ke nan. Banki kuma yana lura da shige da ficen da ya fi ƙarfin albashin da ke kan iƙama. Mafi muni shi ne ka fara karɓar kuɗin 'yan'uwa kana aika musu don ɗan abin da za ka samu a kai. Wannan hawala ce ba lasisi, hukuncinta ba wasa ba ne, ko da niyyarka taimako ce.

Wanda ya shiga P2P duk da haka, sunan mai biya ya zama daidai da sunan da ke kan kasuwa, kada ya karɓi biya daga asusun wani na uku, kada ya fita daga hirar kasuwa zuwa WhatsApp, kada ya saki USDT don hoton rasit ko saƙon waya sai ya buɗe manhajar banki ya ga kuɗin da idonsa. Amma kafin nan ka yi lissafi. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 tazarar canjin banki da na bayan fage ta ragu ƙwarai. Ɗauki riyal 1,000, duba nawa za ta sauka a Kano ta Enjaz ko Tahweel Al Rajhi ko Western Union bayan an cire kuɗin aikawa, sannan duba ta USDT bayan farashin mai sayarwa, kuɗin cirewa, da farashin mai saye a can. Ka kawo mana adadin biyu a nan mu duba tare.