Kada ka ba 'yan gwangwan Raleigh ɗin Baba

Malam, ka tambaya ko ka sayar da tsohon Raleigh na mahaifinka a dunƙule ko ka wargaza shi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutane suka koma wa keke, kayan gyara suka yi tsada, na Ingila kuwa sai an tona.

Ni dai a dunƙule zan sayar, in bodin bai taɓa shan walda ba. Duba wuyansa, tambarin tsuntsun nan na nan? Kada ka yi masa sabon fenti, masu saye sai su ɗauka ɓaraka kake rufewa. 'Yan gwangwan kuwa kilo suke aunawa. Kai wa tsohon mai gyaran keke ya duba maka kafin Alhamis, ranar kasuwar Maigatari.