Amsar Goggo: Dole Ne a Je Coci Ranar Kirsimeti?

Ɗana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Saƙonka ya iso, kuma sai da na karanta shi sau uku, don karon farko ban ga inda na ajiye tabarau ba. Ka ce in faɗa maka tsakani da Allah, wai zuwa coci ranar Kirsimeti dole ne, ko kuwa al'ada ce kawai muka taras. Ka ce ka gani a intanet cewa Littafi Mai Tsarki bai ambaci 25 ga Disamba ba, har wasu na cewa bikin arna ne aka sauya wa riga. Can ƙarshe kuma ka maƙala cewa rabonka da sujada tun Ista, kana jin nauyin ka bayyana rana guda kamar baƙo. Na ga inda ka ɓoye wannan ta ƙarshen. Ita ce tambayarka, sauran rakiya suka yi mata. Amma bari in bi su yadda ka jero.

Kan maganar rana, ka yi gaskiya. Cikin marubutan bishara huɗu, Markus da Yahaya ba su kawo labarin haihuwar ba sam. Matiyu da Luka ne suka kawo, kuma babu wanda ya faɗi wata ko rana. Luka ya ce zamanin Kaisar Augustas ne, lokacin ƙidayar jama'a, Matiyu ya ce zamanin sarki Hirudus. Iyakar abin ke nan. Masu bi na farko tashin Yesu daga matattu suka riƙe, shi ya sa Ista ta girmi Kirsimeti nesa ba kusa ba. Shaida mafi daɗewa da ake da ita ta yin bikin a 25 ga Disamba daga birnin Rum take, shekara ta 336. Wasu masana sun ce Romawa na da bukukuwansu a ƙarshen Disamba, har da na girmama rana, sai ikkilisiya ta ɗora nata a wannan lokaci. Wasu kuma sun ce lissafi ne: an ɗauki 25 ga Maris a matsayin ranar da mala'ika Jibra'ilu ya zo wa Maryamu, ka ƙirga wata tara ka ga inda za ka sauka. Har gobe ma ba rana ɗaya Kiristoci ke yi ba. Na Habasha da Kibɗawan Masar da na Rasha sai 7 ga Janairu, don tsohon lissafin kalanda suke bi, Armeniyawa kuwa 6 ga Janairu. Wa zai kalli Kiristan Habasha, wanda ƙasarsa ta karɓi bishara tun ƙarni na 4, ya ce masa ya yi ɓatan kai?

Ba kai ka fara wannan shakkar ba. A 1647 majalisar Ingila ta haramta bikin Kirsimeti ɗungurungum, a 1659 kuma yankin Masacusets na Amurka ya sa tara ga duk wanda aka kama yana yi, dokar ta zauna har 1681. Waɗanda suka yi wannan masu ibada ne na gaske. Shaye-shaye da holewar da suka gani da sunan bikin ne suka ishe su, ga kuma hujja irin taka, cewa ba a rubuta ranar ba. Manzo Bulus ya riga ya raba gardamar a Romawa 14: wani yana ɗaukaka wata rana, wani duk ranaku ɗaya ne gare shi, kowa ya yi don Ubangiji. 'Yan'uwanmu na Katolika a wurinsu halartar sujadar wannan rana wajibi ne. Mu ba mu da doka irin wannan. To ka ji amsar "dole", ba zan ɗora maka abin da Allah bai ɗora ba.

Duk da haka ina cewa ka je.

Fara da sunan ma. Kalmar Kirsimeti daga Turanci muka aro ta, can kuma kalmomi biyu aka haɗa: Kiristi, da Mas, wato sujadar da ake cin Jibin Ubangiji a cikinta. Ka ga ashe sunan bikin ma sunan taron sujada ne. Sabbin kaya da kyaututtuka da ziyara daga baya suka zo suka zauna a gefe. Ba na ƙin su, ni ma ina ɗinka sabo idan da hali, kuma wanda ba ya murna da haihuwa a duba shi. Amma biki ba amarya, ko da an cika gida da makaɗa, taron me ake yi?

Abin da ya fi wannan nauyi a wurina shi ne ma'anar haihuwar kanta. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike. Shekara da shekaru Allah yana aike: Musa, Ishaya, Mika da ya ambaci Baitalami da suna. Wasiƙar Ibraniyawa da wannan ta buɗe, cewa a dā ya yi magana ta bakin annabawa, a ƙarshe ya yi ta wurin Ɗansa. Yahaya, wanda bai ba mu makiyaya ko tauraro ba, ya dunƙule abin a aya guda, 1:14, cewa Kalman ya zama mutum ya zauna a cikinmu. Mutum fa, mai jiki, mai jin yunwa da sanyi, wanda sai an naɗe shi da zanen goyo, aka kwantar da shi inda dabbobi ke cin abinci don masauki ya cika. Da aka kai shi Haikali bayan kwana 40, kurciyoyi biyu ko 'yan shila biyu iyayen suka miƙa, kuma in ka duba Littafin Firistoci sura 12 za ka ga wannan hadayar macen da ba ta da halin ɗan rago ce. Wannan shi ne Immanuwel, Allah tare da mu.

Shekaru da dama na koyar a makarantar Lahadi, kuma abin da na lura da shi a wannan labari shi ne kowa a cikinsa tafiya yake yi. Maryamu ta haura tuddan Yahudiya wurin Alisabatu. Ita da Yusufu suka taso daga Nazarat zuwa Baitalami, fiye da kilomita 100, ga ciki ya tsufa. Makiyaya sun ji albishir daga bakin mala'ika, suna da hujjar zama, dare ne kuma ga garke, amma suka ce mu je mu gani, suka tafi da hanzari. Masana taurari suka keto ƙasashe daga gabas. Af, tun da kana son bincike: Matiyu bai ce su uku ne ba, bai ce sarakuna ne ba, kyautar ce uku, zinariya da lubban da mur, kuma cikin gida suka tarar da yaron. Mu ne muke haɗa su da makiyaya a wasan yara don kowane yaro ya samu abin yi. Sai tsoho Siman da tsohuwa Hannatu, waɗanda suka ga jaririn don suna cikin Haikali ranar da aka kawo shi. Hannatu ma an ce ba ta rabuwa da wurin. Zumunci a ƙafa yake, haka muke faɗa. Allah ya tako ya zo, kai kuma ka aika masa gaisuwa daga kan gado?

Kada ka ce na ce addu'ar ɗaki ba ta karɓuwa. Majinyaci, da mai jinyarsa, da ma'aikacin da aiki ya tsare, da wanda ke zaune inda taruwa haɗari ce, Ubangiji ya san inda suke. Kai dai ba ka cikinsu, lafiyarka ƙalau.

Bari in ba ka nawa. Shekarar da maigidana ya rasu, Kirsimeti ta zo wata biyu bayan an binne shi. Na yi niyyar ba zan fita ba, don ban ga abin da ya haɗa ni da waƙar murna ba. Mahaifinka ne ya zo ya tsaya a ƙofa, bai ce komai ba, har na gaji na ɗaura ɗankwali. Na zauna a bencin baya. Aka tashi waƙa, na buɗe baki, murya ta ƙi fita. Wata mata da ke gefena, ko sunanta ban sani ba a lokacin, ta matso da littafin waƙoƙinta tsakiyarmu, tana bin layi da yatsa kamar ana koya wa yaro karatu, ɗaya hannun kuma ta riƙe nawa. Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Da aka zo karatun Luka sura 2, daidai wurin zanen goyo, wani jariri a gaba ya tsala kuka, uwar ta rikice tana neman hanyar fita, mai karatun ya ɗaga kai ya yi mata alama ta zauna. Ya ci gaba da karatu a kan kukan. Na sha jin wannan sura tun ina yarinya, amma ranar ce na fara jin ta da sautinta. Wa'azin da aka yi kuwa, ko kalma ɗaya ban riƙe ba.

Daga baya na lura ikkilisiya tun dā ta bar wa masu hawaye wuri a cikin wannan mako. A kalandar majami'u da yawa, 26 ga Disamba ranar tunawa da Istifanas ce, wanda aka jajjefe, 28 kuma ta yaran Baitalami da Hirudus ya sa aka kashe. Ba sai kana cikin farin ciki za ka zo ba.

Saura kunyarka. A nan ni ce mai laifi, kuma zan faɗa. Akwai shekarar da nake tsaye a ƙofa ina tarbar jama'a, wani saurayi da ya daɗe bai zo ba ya shigo, na ce masa, "A'a, yau an tuna da mu ke nan?" Da wasa na faɗa. Ya yi murmushi, ya zauna can gefe, kafin a sa albarka ya fice. Ban ƙara ganinsa a cikin sujada ba. Shekara nawa ke nan, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Don haka in wata tsohuwa mai baki irin nawa ta jefa maka magana, ka gaishe ta, ka wuce ka zauna. Ba gidanta ba ne. Waɗanda aka fara gayyata wurin jaririn nan daga daji suka taho da warin tumaki a jikinsu, ba wanda ya tambaye su yaushe rabonsu da Haikali.

Ba zan ce ka yi mini alkawarin kowace Lahadi ba, wannan tsakaninka da Ubangijinka ne, ko da yake ka san ra'ayina. Ta ranar nan kawai nake magana. Gwiwata ta dama ta matsa mini tun watan jiya, hawa matakala sai da mai riƙe ni. Ƙarfe tara ake farawa, ranar kuwa wuri na cika da sauri, don haka ka iso da takwas. In ka tarar ban gama shiri ba, ka duba mini tabarau a kan teburi, kada in sake mantawa da shi.

Goggonka