Idan kwamfutar shago ta mutu yau, kwana nawa za ka yi kafin ka koma ciniki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da shadda a kan sari a Kantin Kwari. Shekara biyar ke nan da muka bar littafi muka koma kwamfuta. Akwai babba guda a ofis wadda injiniyanmu yake kira saba, sai ƙanana uku a shaguna da sito da suke haɗe da ita. Lissafin kaya da rasit da bashin da muke bin mutanenmu na Maraɗi da Agadas da Njamena duk a cikinta suke. Duk Juma'a yarona yana kwafe fayil ɗin a filash ya jefa a durowa. Yanzu injiniyan ya ce wannan bai isa ba, wai sai na sayi faifan ajiya na waje guda biyu, in kuma biya shi ya riƙa ɗaukar kwafin kwamfutar gaba ɗayanta. Ni dai ina ganin hanyar cin kuɗina yake nema. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi. A wannan karon injiniyanka yana kan gaskiya, sai dai kada ka ba shi ko sisi sai da sharaɗin da zan kawo maka a gaba.

Kafin mu je ga na'ura, ɗauki biro mu yi lissafi irin naku na kasuwa. Rubuta ribar da shagunan uku suke kawowa a rana mai kyau, irin ta gabanin Sallah. Rubuta jimillar bashin da kake bi a waje, ka ja layi a ƙarƙashin wanda babu shaidarsa a ko'ina sai cikin kwamfutar nan. Sannan ka tambayi kanka, in aka wayi gari ta ƙi tashi, cikin masu bashin nan mutum nawa ne za su zo da ƙafarsu su ce ga abin da ake bin su daidai? Masu tsoron Allah suna nan, amma ko su mantuwa tana kama su, kuma mutumin Agadas da ya ɗauki dila ashirin a Rajab ya biya rabi a Sha'aban ba lallai ya tuna ragowar yadda kai ka rubuta ba. Ka ajiye wannan adadi gefe guda, ka ajiye kuɗin faifai biyu da ladan injiniya a ɗaya gefen. Na san wanda zai rinjaya.

Abin da yaronka yake yi da abin da injiniya yake nufi ba ɗaya ba ne. Yaron yana ɗaukar littafin bashi ne kawai. Injiniyan yana so ya ɗauki shagon da kantocinsa da makullansa. A cikin sabar nan akwai Windows, akwai manhajar lissafi da lasisinta, akwai saitin da ya sa ƙananan kwamfutocin uku suke ganinta, akwai sunayen ma'aikata da abin da aka yarda kowa ya taɓa, akwai saitin firintar rasit. Shekara biyar ana gyara waɗannan kaɗan-kaɗan, ba wanda ya rubuta yadda aka yi. In faifan cikinta ya lalace kuma filash kaɗai ke hannunka, sai an sake ɗora komai daga tushe, a nemo irin manhajar da ta dace da fayil ɗinka, a nemo lambar lasisi, a yi ta gwaji. Wannan yakan ci kwanaki, a wasu lokutan har mako, shago yana buɗe amma yara suna rubuta ciniki a bayan kwali. In kuwa akwai kwafin kwamfutar ɗungurungum, sabon faifai za a saka, a tayar da na'urar da wani filash na musamman, a juye kwafin a ciki, ta dawo yadda take ranar da aka ɗauka, har hoton da ke kan allonta. Faifan waje mai USB 3.0 yana juye kimanin megabayit 100 a daƙiƙa, wato gigabayit 300 ba ya wuce sa'a guda da 'yan mintuna. Da hantsi an gama.

Filashin kansa ma ina da shakka a kansa. Na taɓa zama da wani mai sayar da kayan gini da kwamfutarsa ta ƙone bayan an kawo wuta da ƙarfi. Hankalinsa kwance, ya zaro filash daga aljihun gaban rigarsa ya miƙo mini yana cewa komai na ciki. Muka soka a tawa. Fayil ɗaya ne a ciki, girmansa kilobayit biyu. Ashe shekara biyu yaronsa yana kwafe 'yar alamar nan ce da ke kan allo, wadda ake dannawa manhaja ta buɗe, ba ainihin bayanan ba. Bawan Allah ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya daɗe bai ce komai ba. Yaron bai ci amana ba, ba a koya masa ba ne. Akwai kuma matsala ta biyu: manhajojin lissafi irin su QuickBooks da Sage da Tally, in aka kwafi fayil ɗinsu alhali wani yana aiki a ciki, kwafin yana iya fitowa a gurgunce. Kowacce tana da maɓallin ɗaukar kwafi a cikinta, shi ya kamata a riƙa dannawa. Yau ɗin nan, kafin ka tashi daga kasuwa, sa a buɗe maka filashin a wata kwamfutar ka ga ko cinikin Alhamis da ta wuce yana ciki.

Sai maganar durowa. Filash yana kwana ɗaki ɗaya da kwamfutar da ake tsoron ta lalace. Duk ɗan kasuwar Kano ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016, da ta tashi cikin dare ta cinye dubban shaguna. Wuta ba ta bambance saba da durowar da ke ƙarƙashinta, ɓarawo ma haka, ruwan damina in ya ɓalle rufi ma haka. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Dalilin faifai biyu, ba ɗaya ba, zan ba ka shi da labarin kamfanin da ka saba ganin sunansa a jikin kwantena. A watan Yuni na 2017 wata muguwar manhaja da ake kira NotPetya ta ɓulla a Yukiren, ta hanyar wata manhajar lissafin haraji, ta shiga kwamfutocin kamfanin jiragen ruwa na Maersk na ƙasar Denmak. Daga baya shugaban kamfanin ya bayyana cewa sai da suka sake ɗora saba 4,000 da kwamfuta 45,000, asarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Akwai wasu sabobi na musamman da ke riƙe da sunayen ma'aikata da izinin shigarsu, waɗanda in babu su ba abin da zai tashi. Suna da su fiye da ɗari a faɗin duniya, kowacce kwafin 'yar'uwarta, shi ya sa suka ɗauka sun tsira. To da yake duk a haɗe suke, lokaci guda cutar ta share su. Guda ɗaya tak ta kuɓuta, a wani ofishinsu na Afirka ta Yamma, saboda an ɗauke wuta a can lokacin da abin ya faru, ba ta kan layi. Faifanta aka ɗauko a hannu, aka kai shi Ingila, da shi aka farfaɗo da kamfanin.

Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne kwafin da yake soke a jikin kwamfuta kullum, tare za su mutu. Masu garkuwa da bayanai, waɗanda ke kulle fayilolin mutum su ce sai ya biya kuɗin fansa, manhajarsu tana bin duk faifan da ta tarar a haɗe ta kulle shi. Tsawa ko wutar da ta zo da ƙarfi ma ta waya take bi. Haka nan in injiniya ya ce maka sabarka tana da faifai biyu a ciki masu kwafar juna, abin da suke kira RAID, wannan yana da amfani in ɗaya ya mutu, amma in yaro ya goge fayil bisa kuskure, a duka biyun ya goge. Don haka faifai biyu na waje ake yi wa karɓa-karɓa. Ɗaya yana ofis ana ɗaukar kwafi a kansa, ɗaya yana gidanka a cikin akwatin da kake ajiye takardun fili. Ranar Juma'a in za ka tafi masallaci ka musanya su. Masu wannan sana'a suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri daban.

Kwafin Juma'a zuwa Juma'a yana nufin in abu ya faru ranar Alhamis, cinikin kwana shida ya tafi. Ga mai sari wannan ya yi yawa. Raba aikin biyu. Kwafin kwamfutar gaba ɗaya, sau ɗaya a mako ya wadatar, da kuma duk lokacin da za a taɓa wani babban abu a cikinta. Fayil ɗin lissafi kuwa kullum ne, bayan an rufe ciniki, kuma shi ne za ka tura ma'ajiyar intanet, domin yawanci ba shi da nauyi. Google Drive yana ba da gigabayit 15 kyauta. Ban ba ka shawarar tura dukan kwamfutar ta intanet ba. Da irin datar da muke saye da irin layin da muke da shi, turawar wahala ce, saukowar ranar da ake gaggawa ta fi wahala.

Manhajar ɗaukar kwafin ba sai ka kashe mata kuɗi da yawa ba. Veeam Agent yana da na kyauta na Windows, yana ɗauka da kansa a lokacin da aka saita masa. Clonezilla kyauta ce baki ɗaya, sai dai dole a kashe aiki a tayar da na'urar da ita, kuma faifan da za a juye a kansa kada ya gaza na asalin girma. In Windows Server ce a kan sabarka, tana da nata mai ɗaukar kwafi a ciki. Bar injiniya ya zaɓi wadda hannunsa ya saba da ita. Faifan dai ka saya sabo a kwalinsa wurin wanda ka sani a Beirut Road, mai girman aƙalla ninki biyu na abin da ke cikin sabar, domin ya ɗauki kwafin makonni da dama. Wani lokaci sai bayan wata guda ake gane an ɓata lissafi, a so komawa baya. Na hannu kada ka kusance shi, araha ba ta ado.

Ga sharaɗin da na ce. Kada ka biya injiniya don ya ɗauki kwafi, ka biya shi don ya dawo da kwamfutar a gabanka. Ku sa rana, Lahadi ko bayan an tashi. Ya zo da faifai fanko, ya cire na cikin sabar ya miƙa maka ka riƙe a hannunka, ya saka fankon, ya juye kwafin, ya kunna. Kai kuma ka zauna ka buɗe asusun mutum uku da ka san bashinsu da ka, ka sa yaron sito ya shiga daga tasa kwamfutar, ka buga rasit guda. Duba agogo tun daga farko har ƙarshe, ka rubuta sa'o'in da aka ci. In ya yi, ka sallame shi da kyau, ya cancanta. In ya fara kame-kame yana cewa ai ba sai an gwada ba, nemi wani. A maimaita wannan gwaji duk wata uku ko huɗu, a kuma yi shi sau ɗaya a kan wata kwamfutar daban, domin in gobara ce ko sata, sabuwar na'ura za ka saya, kayan cikinta ba irin na tsohuwar ba, kuma Windows takan ƙi tashi a baƙon jiki sai an yi mata 'yan dabaru. Gara a gano dabarun ranar da ba kowa a bakin kanta yana jira.

Abu na ƙarshe da 'yan kasuwa suka fi sakaci da shi, makullai. Faifan da za ka riƙa yawo da shi tsakanin kasuwa da gida yana ɗauke da sunayen abokan cinikinka da lambobinsu da sirrin farashinka, don haka a kulle kwafin da kalmar sirri. Amma kalmar ta zama a hannunka, ba a kan injiniya kaɗai ba. Mutum yakan yi tafiya, yakan canza aiki, rai kuma na Allah ne. Sa ya rubuta maka a takarda: kalmar sirrin shiga sabar, ta buɗe kwafin, lambar lasisin manhajar lissafi da lambar wayar waɗanda suka sayar muku da ita, da lambobi 48 na BitLocker, makullin faifai na cikin Windows, in an kunna shi. Haɗa da filashin tayar da na'ura, ka sa a ambulan ka liƙe, ka ajiye tare da faifan gida, ka kuma sanar da babban ɗanka ko wanda ka amince wa inda yake.

In kasuwancinka kamfani ne mai rajista, dokar kamfanoni ta ce a adana takardun lissafi har shekara shida, saboda haka kwafin ƙarshen kowace shekara a ware shi daban kada a goge. Ka kuma tambayi injiniyan wace Windows ce a kan na'urorinku. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 tun Janairun 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoba 2025. In ɗayansu ce, ku fara shirin sauyawa, amma sai bayan an ɗauki cikakken kwafi an gwada shi a gabanka.

Allah ya tsare dukiya, ya ba da kasuwa mai albarka. Bayan gwajin farko ka rubuto mini sa'o'in da ya ci.