Amsar Kawu ga Nura kan cinikin kyamara

Wa alaikumus salam Nura, ya gida ya su Hajiya, ya jikin Inna da fatan da sauƙi. Na ga saƙonka tun da hantsi sai yanzu na samu zama. In na fahimce ka daidai, wani abokin Sani yayanka ne ya haɗa ka da wani Alhaji mai shago, yace yana da Canon 600D sabuwa dal, ya rantse maka da Allah babu abin da ya same ta, sannan yace ka fara tura rabin kuɗi kafin kaya su iso daga Legas. Kai kuma kana tambaya wai a al'adarmu rashin kunya ne yaro ya tsaya bincikar kayan babban mutum ko ya nemi rasit bayan an rantse masa, tunda mamanka tace kar ka kunyata su Sani. Sai kuma maganar la'ada, wa ke biya.

Toh Nura, mamanka ƙanwata ce na san halinta, ita a duniya ba ta son a ga laifinta, amma a nan ta haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Kunya tana da wurinta, gaban surukai, gaban iyaye, wajen cin abinci a gidan mutane. Kasuwa kuwa tunda muka taso ba mu ga ana kai kunya can ba. Mu da muka ga yadda ake cinikin doki gab da hawan sallah a garin nan, mai saye sai ya buɗe bakin dokin ya duba haƙora, ya ɗaga ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, a hau a zagaya da shi a gabansa, kuma mai dokin ko basarake ne ba zai ce an raina shi ba, shi da kansa ma zai ce duba da kyau. To haka kyamara, ita ma tana da haƙoranta, zan zo kansu. Gaisuwa dai ka gaishe shi da ladabi, ka rusuna, ka ce masa Alhaji ko Baba, ka ce a yi haƙuri zan ɗan gwada, shikenan ka fita haƙƙin al'ada. Abin da ya rage haƙƙin kuɗinka ne da ka sha wuya ka tara.

Rantsuwar nan ma da kake jin nauyinta, ni ita ce ta fara sa ni ɗar-ɗar. Je ka tambayi kowane malamin zaure a cikin birni, zai gaya maka hadisi ya zo cewa rantsuwa tana sa haja ta shige amma tana share albarka. Kuma Manzon Allah SAW da ya wuce mai sayar da abinci ai hannunsa mai albarka ya zura cikin tarin ya ji danshi a ƙasa, a nan yace wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Kaga bincikar kaya ba mu muka fara ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, maganar rubuta bashi take da kafa shaidu in an yi ciniki. Don haka wanda zai ɓata rai don ka ce a rubuta, ba da kai yake rigima ba. Dattijon kirki in ka nemi rasit daɗi zai ji don shi ma kariya ce gare shi gobe.

Yanzu ita kyamarar. 600D a 2011 ta fito, an daɗe da daina ƙera ta, to ta ina sabuwa dal za ta ɓullo yanzu? Ba nace ba zai taɓa yiwuwa ba a samu wadda ta kwana a sito, amma yawanci ta hannu ce aka goge aka saka a kwali mai kyau, kwali kuwa har sayar da shi ake yi daban. Kuma ta hannu ba aibi bane, yawancin masu hoton bikin da kake gani daga Samaru har Tudun Wada da ita suke cin abinci, kyamara ce mai juriya. Aibin shi ne a sayar maka ta hannu a kuɗin sabuwa. Da mutumin zai ce maka Nura wannan ta hannu ce daga waje, ga inda ta ƙoƙe, da na fi natsuwa da shi. Sannan in ka ga an rubuta Rebel T3i ko Kiss X5 a goshinta kar ka ce jabu ce, ita ɗin ce dai, sunan da ake kiranta a Amurka da Japan kenan, kuma kar a yaudare ka ace wata ce ta fi ta a ƙara maka kuɗi.

Ga wata dabara mai sauƙi, ka yi masa tambayar da ka riga ka san amsarta. Ka ce Alhaji tana ɗaukar bidiyo 4K? tana da wayfay? 600D ba ta da ko ɗaya, megafiksel 18 ce, bidiyonta ya tsaya a 1080. In yace eh sosai ma, to ko bai san kayansa ba ko kuma duk abin da kake son ji shi zai faɗa maka, kowanne ne ka ja baya. In yace a'a ba ta yi, ko yace bari a duba, wannan ana iya zama da shi.

Haƙoran da nace su ne adadin bugun shata, wato sau nawa aka danna ta ɗauki hoto tun ranar da aka ƙera ta. Ƙananan kyamarori irin wannan galibi kusan bugu 100,000 ake ƙiyasta musu, manya kamar 5D Mark III kamfanin yace 150,000. Wata ta wuce haka tana aiki lafiya wata ba ta kai ba, amma dai wadda ta yi dubu goma da wadda ta yi dubu casa'in ba kuɗinsu ɗaya ba ko kusa, kai kuma da za ka shiga biki kana danna ɗaruruwa a wuni ɗaya daga kamu zuwa dina, dole ka san nawa ya rage maka. Nikon tana ajiye wannan adadin a cikin bayanan kowane hoto, Canon kuwa sai an jona ta da kwamfuta da waya an buɗe manhajar da ke karantawa. Kar ka yarda ya nuna maka lambar hoto a jikin allo yace ka gani hoto ɗari uku kawai ta ɗauka, wannan lambar in ta kai 9999 komawa farko take yi, kuma ko yaro zai iya mayar da ita sifili. Sai ka haɗa da idonka, robar wajen riƙo ta saki ko ta yi santsi, rubutun maɓallai ya goge, fentin wajen ɗora filasha ya cinye, ƙananan kusoshin jikinta akwai alamar sukuddireba ya taɓa su. Kyamarar da aka ce ba ta yi aiki ba amma kusoshinta duk sun ƙwarzane, an buɗe cikinta, ka tambayi me aka gyara.

Ka juya ƙasanta akwai siriyal lamba, ka gwada da ta jikin kwali da ta katin garanti in akwai, su zo ɗaya. In an kankare lambar ko an ɓare takardar, Nura ka ajiye ka yi sallama ko kyauta aka ba ka, saboda kayan sata kenan sau da yawa, kuma karɓar kayan sata laifi ne a doka, ranar da mai ita ya gan ta a wuyanka a tsakiyar taro ba Alhaji za a kama ba kai za a kama.

Lens kuma, wato gilashin gaban kyamara, cire shi za ka yi ka haska tocilan wayarka ta ciki. Ƙura kaɗan ba komai, mu da muke garin hunturu ba a raba mu da ƙura. Abin gudu shi ne ka ga wani fari-fari kamar saƙar gizo ko hazo a jikin gilashin, wannan fumfuna ce, danshi ke kawo ta kuma kayan da suka daɗe a ajiye a kudu sun fi yin ta, tana cin gilashi ta sa hoto ya riƙa fitowa dishi-dishi. Ka mayar da shi ka ji yana kama fokas da kansa nesa da kusa ba tare da yana ta kai da komo yana kuka ba. Daga nan ka matse ƙofar haske ta lens, wato aperture, zuwa lamba 16 ko 22 ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka buɗe hoton a kwamfuta, duk datti ko ƙarcen da ke kan sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikinta, zai fito ɓaro-ɓaro. Datti ana sharewa, ƙarce kuwa ya zauna kenan. Ka kuma gwada ta a wuri mai duhu-duhu da filasha da babu, don aikinka yawanci a zaure da ɗakin amarya da holin biki zai kasance ba a hasken rana ba.

Inda aka fi cin yara irinku ma ba a jikin kyamarar bane, a tarkacenta ne. Za a yi maka araha har ka ji kamar ka tsinci dami a kala, in ka miƙa kuɗi sai ace ai batir daban caja daban lens daban, kafin ka farga ka biya fiye da na shagon da ka gudo. Alhali sabuwa daga kamfani da batirinta da cajarta da igiyar ratayawa take zuwa, in kuma mai lens ce to yawanci da lens 18-55 a ciki. Wasu kuma su zare batir na asali, na 600D sunansa LP-E8, su saka maka na kanti wanda ba ya kai rabin wuni. Na kanti ba haramun bane amma a faɗa maka a rage kuɗi. Saboda haka tun kafin ka taya ka ce a zube duk abin da kuɗin ya ƙunsa a kan tebur, sannan a fara albarka da sallama. Memori kuwa ka je da naka wanda ka yarda da shi, wanda ake bayarwa gyara ɗin nan sau da yawa jabu ne, a rubuta 128GB a jiki alhali cikinsa bai wuce 8GB ba, zai yi ta karɓar hoto kamar gaske sai ka dawo gida ka tarar rabin bikin mutane ba ya buɗuwa, kuma ɗaurin aure ba a maimaita shi don mai hoto.

Su kuma ƙananan nan marasa nauyi da ake tallarsu a Facebook da rubutun 4K da megafiksel 48 da zum ninki goma sha shida, wani lokacin har a manna musu sunan babban kamfani, kar ma ka ɓata lokacinka, wayar hannunka ta fi su.

Maganar tura rabin kuɗi kafin kaya su zo, wannan cinikin biri a sama ne, ban yarda ba. In da gaske mai shago ne ya kawo kayansa da jarinsa ka zo ka gani. In ya matsa sai an ba da kafin alƙalami, a ba da ɗan abin da in ya salwanta ba zai hana ka barci ba, a gaban Sani da wani babba, a rubuta cewa in kaya ba su zo yadda aka siffanta ba kuɗi zai dawo. Kuma ka lura da asusun da za a ba ka, in sunan da ya fito ba na Alhajin bane ba na shagon bane, ace na yarona ne ko na wani mai POS, ka tsaya. Haka in ya fara cewa akwai wani daga Kaduna da kuɗi a hannu yana jira, ko ka ga wani ya faɗo shagon yana ƙara tayi a kan naka kamar haɗin baki, tsohon wasa ne, addini ma ya hana, ka ce Allah ya ba mai rabo ka kama hanya. Ka zagaya PZ da Sabon Gari ka ji farashi a baki uku huɗu, ka tambayi masu hoton da ke aiki da irinta, in da hali ka sa a tambayo maka Kano. Wanda ya fi kowa araha da nisa shi za ka fi bincika.

Sannan ka nemi sharaɗin gwaji, kwana biyu ko uku, in aibi ya fito ka mayar. Wannan ma ba baƙon abu bane, malamanmu suna karantar da shi a babin ciniki, an yarda a sayi abu da zaɓi na ɗan lokacin da za a iya gwada shi. Garantin baka kuwa, wai ai muna tare in wani abu ya faru ka dawo, ba ya tsayawa ko gaban mai unguwa. A rubuta a rasit mai sunan shago, da sunan kyamara da siriyal lambarta da ta lens da kwanan wata da kwanakin da aka ba ka.

La'ada kuma ya danganta da kasuwa, wani wurin mai kaya ke fitarwa wani wurin mai saye, wani wurin kowa ya ba da nasa, haƙƙin dillali ne ba a hana shi. Abin da ba kyau shi ne ya karɓa a wajenka a matsayin abokin yayanka mai taimako, ya koma ya ɗora nasa a saman farashi ba ka sani ba. Ka tambaye shi tun farko cikin raha, yaya nawa ne naka kuma wa zai ba ka, a gaban Sani. In mutumin kirki ne dariya zai yi ya faɗa.

Mamanka ka bar ni da ita zan kira ta da daddare. Kai dai kar ka tura ko sisi, in kayan sun iso ka gaya min, in Allah ya kai mu Asabar bayan azahar sai ka biyo ta gida mu tafi tare, ni zan zauna da Alhajin muna gaisawa kai kana gwajinka a tsanake. Ka aro laftof ɗin Sani ka cika masa caji, ka taho da memorinka da wayar jonawa. Ka gaishe min da Inna da jiki.