EDTA mai sodiyam biyu ko mai huɗu: wanne ya dace da haɗina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina haɗa man shafawa na kaɗanya da sabulun wanka a gida. Na je sayen EDTA, mai shago ya ɗauko leda biyu, ɗaya an rubuta 2Na, ɗaya 4Na, ya ce duk ɗaya ne. Na zuba 4Na a man shafawa tare da sodiyam benzoyet da na saba sawa don kada ya lalace. Sati uku kacal sai ga funfuna a bakin roba. Ina matsalar take? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Mai shagon yana da gaskiya ta wani ɓangare, amma abin da ya bari bai faɗa miki ba shi ne ya jawo asarar.

Aikin 2Na da 4Na ɗaya ne. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da kalshiyam da magneziyam, wani lokaci har da ƙarfe da jan ƙarfe. Na farkon biyu su ke kashe kumfa su bar farin datti a jikin bokiti, na ƙarshen kuma su ke sa mai ya yi warin tsufa ya sauya launi. EDTA yana cafke su kamar yadda ƙaguwa ke riƙe abu, ya hana su ɓarna. Inda 2Na da 4Na suka rabu shi ne pH, wato ma'aunin tsami: ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 kuma akasinsa. Ki narka giram 1 na 2Na a ruwa giram 99, takardar gwaji za ta nuna tsakanin 4 da 5. Ki yi haka da 4Na, za ta haura wajen 11.

To ga abin da ya fi yiwuwa ya faru. Benzoyet, da ɗan'uwansa fotasiyam sobet, ba sa aiki sai haɗi yana da ɗan tsami, pH 5 ko ƙasa. Man shafawa ba shi da abin da zai riƙe masa pH, don haka ɗan 4Na kaɗan ya isa ya ɗaga shi zuwa 7 ko fiye. Daga nan benzoyet ɗinki yana cikin robar amma barci yake yi. Shi kuwa EDTA ba ya kashe funfuna, yana dai taimaka wa maganin adanawa ta hanyar raunana bangon wasu ƙwayoyin cuta. Man da ya riga ya yi funfuna ki zubar da shi, kada ki kwashe saman ki sayar.

A man shafawa 2Na ya fi dacewa. Ga kilo 1 na haɗi, giram 1 ya wadatar, in ruwanki mai zartsi ne ki kai giram 2. A sikeli za ki auna, ban da cokali. Yana da taurin narkewa, saboda haka shi za ki fara zubawa a ruwan haɗin mai zafi, ki juya har ruwan ya yi garau, sannan sauran kaya su biyo. In kika zuba shi bayan man ya yi kauri, tsaki-tsaki za ki ji a fata. Kuma kada ki jefar da 4Na ɗin da ya rage: da zarar an daidaita pH, su biyun abu ɗaya suke zama a cikin ruwa. In da shi kika haɗa, idan man ya huce, ki narka sitirik asid a ruwa daidai nauyinsa, ki riƙa ɗigawa kina gwadawa har ki sauka tsakanin 4.5 da 5. Kada dai ki gangara ƙasa da 3, don a nan EDTA yake fita daga ruwa ya kwanta.

Sabulun da aka yi da soda da mai, nan ne gidan 4Na, domin pH ɗinsa 9 zuwa 10 ne dama. 2Na yana cinye wani abu daga sodar, a sabulun ruwa har ya dusashe shi. Giram 5 na 4Na ga kilo 1 na dukan haɗin, a narka a ruwa kafin a zuba soda. Yana rage ɗige-ɗige masu launin ruwan lemo da ke fitowa a sabulun da ya daɗe a ajiye. In babu shi, sodiyam sitiret ko gulukonet suna yi. Mai zuba sitirik asid kai tsaye kuma ya ƙara soda giram 6 ga kowane giram 10 na asid ɗin.

Ki duba ledar da kyau kafin ki biya. Akwai na uku, mai kalshiyam a sunansa, wanda ake sawa a abinci. Shi ya riga ya cika hannunsa da kalshiyam, ba zai gyara miki ruwa mai zartsi ba.