Tambaya da Amsa: Duhun hunturu da shirun Kirsimeti a Ingila

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, na biyo maigidana birnin Manchesta a watan Satumba, inda yake karatun digiri na biyu, kuma wannan ne hunturuna na farko a ƙasar waje. Tun da Nuwamba ya kama jikina ya mutu, barci ba ya isata, wani lokaci sai hawaye ya zubo mini babu wanda ya ɓata mini rai. Idan na faɗa wa 'yan gida sai su ce wanda ke zaune a Turai me zai sa shi kuka. Ga shi an ce gari yakan yi tsit lokacin Kirsimeti, maigida kuma ya karɓi aikin dare a hutun. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta aiko mana da kati, ta kuma gayyace mu shan shayi, na rasa yadda zan yi da ita. Ina neman shawara.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Da farko ina so ki cire wa ranki cewa butulci ne ko raunin imani, domin abin da yake damunki yana da sanadi, kuma babban sanadin shi ne ƙarancin hasken rana. A Kano, ko a tsakiyar Disamba, yini yana wuce awa 11. A Manchesta kuwa, wajen 21 ga wata, rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe, kafin ƙarfe 4 na yamma kuma ta faɗi, sannan ɗan abin da ya rage gajimare da yayyafi sukan cinye shi. Mace za ta idar da Azahar, kafin ta sauke tukunya La'asar ta yi, kafin ta wanke kwanuka an shiga Magariba. Jikin da ya tashi a cikin rana dole ya ji wannan canji, har su 'yan ƙasar ma likitocinsu sun san ƙuncin da hunturu yake kawowa.

Saboda haka ki lazimci fita kullum tsakanin hantsi da Azahar, ko da ta rabin awa ce, ko da ana yayyafi, ki sa riguna biyu ko uku a ƙarƙashin rigar sanyi tare da safa mai kauri. Hukumar lafiya ta ƙasar, NHS, tana ba da shawarar shan bitamin D maikirogiram 10 a kullum daga Oktoba zuwa Maris, ga masu duhun fata irinmu kuwa duk shekara, kuma ana samunsa a kantin magani ba sai da takardar likita ba. Idan kukan ya ci gaba, ko abinci ya fita daga ranki, ki je wurin likitan da kika yi rajista da shi ki faɗa masa komai ba ɓoye-ɓoye. A ranakun hutu lambar wayar NHS ta neman shawarar lafiya, 111, tana aiki dare da rana, 999 kuma ta gaggawa ce.

Akwai abin da nake roƙonki da babbar murya. Kada ki kunna gawayi a cikin ɗaki, ko don jin ɗumi ko don turaren wuta. Gidajen can a toshe suke ruf, garwashi kuma yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana iya kashe mutum yana barci. Ki nemi kaskon turare na lantarki. Ki riƙa buɗe taga na ɗan lokaci da safe, musamman idan kin shanya kaya a ciki, domin danshi ne yake kawo baƙin fumfuna a bango.

Maganar shirun gari gaskiya ce. Ranar 25 ga Disamba jirgin ƙasa ba ya tashi, yawancin motocin bas ma a ajiye suke, manyan kantuna kuwa doka ce ta hana su buɗewa. Ranar 26 ita ma hutu ce. Ki gama cefanenki kafin 23 ga wata, ki tabbatar akwai kuɗi a mitar wuta da gas idan ta kati ce. Abin da ya fi cefane muhimmanci shi ne ki san tun yanzu wurin wa za ki yini. Ki tambaya a masallacin unguwarku, ko maigida ya tambayi abokan karatunsa masu iyali, ku haɗu gida biyu ko uku kowa ya kawo tukunyarsa. Ku zauna da shi kuma ku duba kwanakin aikin nan, ya bar miki ko dare biyu, domin kuɗin da zai samu ba su kai lafiyarki ba.

Dattijuwar nan kuwa, kada ki bar katinta ba amsa. Da yawa daga tsofaffin can su kaɗai suke yin wannan biki, 'ya'ya sun yi nisa, mai yiwuwa kaɗaicin da yake cin ki ita ma shi yake cin ta. Hakkin maƙwabtaka yana nan ko addini bai zo ɗaya ba. Ki soya cincin ko dubulan ki kai mata, ki yi mata godiya, ki gaya mata tun da wuri cewa ba kwa cin naman alade kuma ba kwa shan giya, har wadda ake sakawa a wasu kek na wannan lokaci. Idan ranar bikin ce zuciyarki ba ta kwanta da ita ba, ki ce mata za ki shigo ranar 27 ko 28 da hantsi, ki kuma cika alkawari.