Filin Tambaya da Amsa: Baffana ya ƙi jin shawarar likitan dabbobi, tsufa ne ko rashin boko?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a nan Agege, turkar shanu muke yi da Baffana ƙanen mahaifina, muna sayo bijimai daga Arewa mu ɗaure su wata uku zuwa huɗu sannan mu kai mayankar Oko-Oba. Na yi difloma a fannin lafiyar dabbobi amma wallahi duk abin da na kawo sai Baffa ya ce tun kafin a haife ni yake harkar nan. Na ce a riƙa ware sabbin shanu idan an sauke su daga tirela ya ƙi, na ce a yi rigakafi ya ce asarar kuɗi ne, na ce mu riƙa rubuta abin da muke kashewa ya yi dariya, shi dai allurar LA (ta kashe ƙwayoyin cuta) da kanwa sun ishe shi. Bara ciwon huhu ya ci mana biyu. Shin tsufa da rashin boko ne ke kawo haka? Kuma me ya sa mu ba ma ganin malaman gona a nan Legas?
Daga wani mai karatu, Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya mayar muku da alheri. Shekaru da karatu suna da tasiri kam, wanda zai iya karanta jikin kwalbar magani ko ya buɗe bidiyo a waya ya fi saurin jin sabon abu, kuma dattijon da ya daɗe a sana'a yana da hanyarsa da ta riƙe masa gida, ba zai watsar da ita don yaro ya dawo daga makaranta da takarda ba. Amma in ka tsaya a nan ka zalunci Baffa, kuma ba za ka ci nasara a kansa ba.

Ka duba da kyau, ai allurar LA ɗin da yake ji da ita ba gadon kakanni ba ce, maganin bature ne, oksitetrasaikilin, wata rana sabon abu ce a wurinsa kuma ya karɓe ta hannu biyu. Me ya sa? Saboda ya yi wa sa mai zazzaɓi yau, jibi ya gan shi ya tashi yana cin dusa. Kuɗin kaɗan ne, sakamakon a gaban ido, kuma bai nemi izinin kowa ba. Rigakafi kuwa in ya yi aiki babu abin da za ka gani, shanu dai ba su yi ciwo ba, sai mutum ya ce ai da ma can ba za su yi ba. Wannan shi ne tushen matsalarku, kuma ba ta Baffa kaɗai ba ce, haka makiyayi mai digiri ma yake yi.

Abu na biyu da mutane ba sa lura da shi shi ne tsawon zaman dabba a hannun mutum. Dillalin da ya sauke kaya yau ya sayar cikin kwana goma, ka ce masa ya biya kuɗin rigakafi ai kamar ka ce ya yi wa gidan haya sabon rufi ne alhali gobe zai tashi. Bafulatanin da ke riƙe da nagge shekara takwas lissafinsa daban ne. Ku masu turka kuna tsakiya, wata uku ko huɗu ya isa cuta ta shiga ta gama da ku, amma da yawa daga cikin dattawan nan daga dillanci suka shigo turka, sai suka zo da tunanin kwana goma. Ina zargin Baffa yana cikinsu. Sannan akwai maganar jari, mai shanu arba'in zai iya ware biyar ya gwada sabon abu ko da bai yi kyau ba ba zai girgiza ba, mai guda huɗu da kuɗin bashi kuwa kowace naira a ƙirge take, to ba taurin kai ba ne, tsoro ne kuma tsoron yana da hujja.

An daɗe da gano wannan. A Amurka, a jihar Iowa, wasu masana biyu Ryan da Gross sun bi diddigin yadda manoma suka karɓi sabon irin masara, suka fitar da sakamakon a 1943. Yawancin manoman daga bakin masu tallar irin suka fara jin labari, amma ba su shuka ba sai da suka gani a gonar maƙwabci, kuma ko da suka fara ɗan yanki kawai suka gwada, shekaru suka wuce kafin su cika gonar da shi. Waɗannan fa mutane ne masu karatu da rubutu. Jin labari daban, yarda daban, kuma yardar a wurin na kusa ake samunta.

Maganar malaman gona kuma, tsarin da muka sani ya samo asali ne a tsakiyar shekarun 1970 lokacin da aka buɗe ayyukan bunƙasa noma da ake kira ADP a Funtuwa da Gusau da Gwambe da kuɗin Bankin Duniya, daga baya kowace jiha ta samu nata. A lokacin malamin gona yana da babur yana da ranar zuwa ƙauye. Tun farko dai hankalin tsarin ya fi karkata ga masara da dawa da taki, dabba a baya take, kuma da kuɗin bankin ya janye abin ya yi sanyi a ko'ina. A nan Legas manoman da aka fi sani masu kifi ne da kaji da ganye, mu kuwa ana mana kallon 'yan kasuwa ba manoma ba, ga shi taro da Turanci ko Yarbanci ake yi, Baffa zai zauna awa biyu ya ji me? Shi ya sa ainihin malamin gonarmu shi ne mai sayar da magani a bakin kara, shi kuma abin da ke kantarsa zai ce ka saya, ba zai taɓa ce maka ka ware sabon sa sati uku ba don babu abin da zai samu a ciki. An ƙirƙiri ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya a 2024, muna fata, amma kada ku zauna jira. Ilimin yana nan, cibiyar NAPRI da ke Shika a Zariya aikinta kenan binciken abinci da irin dabbobi, rigakafin huhu da na saifa kuma a Vom kusa da Jos ake haɗa su, sai dai ba za su biyo ku turke ba sai ƙungiyarku ta tashi ta gayyato likita, a haɗa kuɗi a yi wa shanun kowa rana ɗaya, don ita kwalbar rigakafi ta dabbobi da yawa ce kuma tana son sanyi, mutum ɗaya mai shanu shida ba zai iya da ita ba.

To kai yanzu ka daina kawo wa Baffa abu uku lokaci guda, kuma kada ka kuskura ka gyara masa a gaban yaran turke. Ka roƙe shi ya bar maka bijimai biyu daga cikin zuwa na gaba, ka ɗaure su gefe da nasu bokitin ruwa, ka ba su maganin tsutsa ranar da suka huta, ka cire kaska, ka auna ƙirjinsu da tef duk sati biyu don ganin ko suna ƙara nama ka rubuta, tare da kuɗin dusa da harawa. Tun da aka sa dokar hana kiwon sake a Legas a 2021 kusan duk abin da sa zai ci saye ake yi, don haka littafin nan da yake wa dariya shi ne zai nuna muku ranar da sa ya daina ƙara nama ya koma cin riba. Ranar yanka kuma ka ja shi cikin mayanka ya ga hanta da huhun da likitoci ke jefarwa, ya tambayi mahauci nawa ke tafiya a hanta ɗaya. Maganar mahaucin da suka shekara ashirin tare ta fi diflomarka nauyi a kunnensa, kada ka ji haushi, ka yi amfani da ita. Abu ɗaya ne ba na so ka ɗaga masa ƙafa a kai, sa da aka yi wa LA ba a kai shi yanka sai kwanakin da ke jikin kwalba sun cika, galibi sati uku ne ko fiye, domin naman nan mutane ne za su ci. Haka dabbar da ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci ko dubura, ba a feɗe ta, a kira likita, ka tuna ɓullar cutar saifa a Suleja a 2023.

Tambaya: Malam ni mace ce a Mile 12, da kuɗin adashi na sayi 'yan maruƙa biyu wani yaro yana duba min su a wajen gari. An ce in riƙa ba su ɓawon rogo, gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne Hajiya, kuma a Kudu ya fi harawa araha nesa ba kusa ba, har cibiyar binciken dabbobi ta ILRI a Ibadan ta yi aiki a kan sarrafa shi ya zama abincin dabbobi. Amma ɗanye yana da guba, sai an shanya ya bushe ƙarau, wanda ya yi fumfuna a zubar. Kuma ƙarfi kawai yake bayarwa, ba ya gina jiki shi kaɗai, a haɗa da dusar alkama da kowa (ɓawon wake) ko ɗan ƙuli-ƙuli, a fara da kaɗan kaɗan har cikinsu ya saba. Tunda a wajen gari suke ki sa a lura da cutar sammore, ƙudan tsando da ke kawo ta na nan a dazukan Kudu kuma shanunmu na Arewa ba sa jure shi kamar muturu, ƙananan shanun Kudu. Duk wannan bayanin yaron ne ya kamata ya ji shi don shi ke zuba abincin, ki kira shi ki karanta masa da kanki, kuma ki riƙa zuwa ba tare da kin sanar ba.